Faranti na Uku

4 ga Fabrairu

Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da littattafanka da wannan sanyin da kake ta yi mana kuka da shi kamar mu muka aika maka. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ƙafar Inna ta yi sauƙi. Baba yana nan yadda ka bar shi, hannun hagu bai dawo ba, idon ma sai a hankali, amma bakin nan ciwo ko kusa da shi bai je ba. Kullum da safe sai an kawo shi shago an zaunar da shi a kujerarsa ta gefen inji, yana sauraron ƙarar bugu yana gaya wa Dogo, mai jan injinmu, inda ya yi kuskure. Abin haushin, sau tara cikin goma Baba ne da gaskiya.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Yaya Babba ya sake tayar da maganar sayar da maɗaba'a. Ka san tun da ciwon nan ya kayar da Baba ya mayar da ita da sunanmu mu uku, lauya kuma ya rubuta cewa in biyu suka sa hannu magana ta ƙare. Wani babban kamfanin buga takardu ne ke son wurin, ba don injinmu ba, so suke su rushe su gina sito. Yaya Babba ya sa nasa hannun. Ni ka san amsata. Saura kai.

Ba zan ɓoye maka ba, na gaji. Injin nan ya girme ni, kuma ya san ya girme ni. Makon jiya bel ya tsinke sau biyu. Wani lokacin in na rufe shago sai in ji kamar in jefa makullin a kwata in yi gaba abina.

Gari kuwa ba a maganar komai sai zaɓen fidda gwani na babbar jam'iyya, wanda za a yi ranar sha uku ga Maris. Kowa ya gama yanke cewa Mai Jirage, attajirin nan, shi za a tsayar takarar shugaban ƙasa, Tsohon Minista ya zo na biyu ya koma gida. Manyan maɗaba'u sun riga sun cika sitonsu da fastocin Mai Jirage, har da wani ɗan littafi na labarin nasararsa, tun ba a jefa ƙuri'a ko ɗaya ba. Mu ƙanana ko ƙanshin aikin ba mu ji ba.

Amma ka san Baba da dokarsa. Kafin kowane zaɓe sai an haɗa wa kowane ɗan takara faranti, wato fallen ƙarfen nan da muke ɗora hoto da rubutu a kai kafin a ɗaura wa inji, ko an ba mu aiki ko ba a ba mu ba. Na haɗa biyu na kai masa. Ya shafa su, ya tambaye ni ina na ukun. Na ce wane na uku. Ya ce na Malam Alli.

I, shi dai, tsohon hedimastanmu da muka laƙaba wa suna saboda allin da ba ya barin hannun rigarsa. Yana majalisa yanzu, kuma wai shi ma ya shiga takara. Na gaya wa Baba faranti mai kyau guda ɗaya ya rage mana, kuma mutumin nan ko matarsa ba ta sa ran zai ci. Baba ya ce shekara ashirin Malam na kawo mana takardun jarrabawa, wanda ya taɓa kawo aiki shagon nan ba a barinsa babu faranti. Hoto ma ba mu da shi, sai da na tono dodon hoto, wato fim ɗin da ake wanko hoto da shi, na kalandar makaranta da muka buga tun kana aji uku, wanda yake tsaye gaban allo. Na ɗauko burushi zan shafe farin allin da ke hannun rigarsa, Baba ya ji shirun ya yi yawa ya tambayi me nake yi. Da na gaya masa sai ya ce, "Bar shi. In kika goge allin, wa ya rage?"

Na haɗa na jingine a bayan kabad. Ka ci abinci, ka rubuto.

Yayarka.

22 ga Fabrairu

Yaya Tawada,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso ranar Litinin da tambarin yatsanki baƙi a gefen ambulan. Kin ga sunan da na sa miki tun ina firamare har yau bai yi ƙarya ba. Ina lafiya. Na gama jarrabawa biyu, saura uku. Ki gaya wa Inna ina sa rigar sanyin da ta saƙa mini. Ki gaishe da Baba da kyau, da Dogo.

Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma duk sau ukun wuri ɗaya nake tsayawa, wurin makulli da kwata. Yaya, kunya ta kama ni. Ina nan a ɗaki mai ɗumi ina karatu, ke kin ajiye aikin koyarwarki shekara shida kina kokawa da tsohon ƙarfe, ban taɓa tambayarki ko kina so ba. Na san halinki. Ba za ki taɓa buɗe baki ki ce a sayar ba, saboda Baba. To, na ɗauke miki wannan nauyin.

Takardar Yaya Babba ta riga taki zuwa da mako guda, na ajiye ta ina ta juyawa. Jiya na sa hannu. Ga ta nan cikin ambulan ɗin nan, don ban san lambar sabon gidansa ba. Ki miƙa masa. In Baba zai yi fushi, da ni zai yi, ni kuma ina nesa, sandarsa ba za ta kai ba.

Maganar Malam Alli ta ba ni dariya. Mutumin da ya tsayar da ni gaban aji awa guda kan lissafin rabawa, shi ne zai raba wa ƙasa aiki? Wani abokina mai karatun siyasa ya ce cikin wakilai dubu biyu in Malam ya samu ashirin, to dangin matarsa sun yi ƙoƙari. Kin yi asarar faranti, amma ba komai, tunda shi ne na ƙarshe.

Ki huta, Yaya. Kin yi iya yinki.

Autanku.

10 ga Maris

Auta,

Lafiyarmu ƙalau. Iyakar gaisuwar da za ka samu yau ke nan.

Na ce na gaji. Yaushe na ce na haƙura? Inna ma kullum cewa take ta gaji da Baba, shekara arba'in ke nan, ka taɓa ganin ta ɗaure kayanta? Makullin da ya hana ka sakat yana nan rataye a wuyana. Sau uku ka karanta wasiƙata, amma duk sau ukun ka tsallake inda na ce ka san amsata.

Koyarwa da ƙafata na bar ta, ba wanda ya ja ni. Kai ba ka taɓa tsayawa a bakin inji ka ciro fallen farko mai kyau yana da ɗumi ba, shi ya sa kake ganin wahala kawai nake sha. Ina son aikin nan, Auta. Ina son warin tawadar da kake yi mini tsiya da shi. Ban taɓa faɗa ba don na ɗauka duk gidan an sani. Na yi kuka da na ga sa hannunka, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne da tausayi ka yi shi.

Ba zan yi maka ƙarya ba, na tsaya da takardar nan a gaban rishon da Dogo ke dafa shayi, na daɗe a tsaye. Amma amana ka ba ni, kuma kasonka ne, kana da iko da shi. Yaya Babba ya yi tafiya, zai dawo Juma'a, washegarin zaɓen fidda gwani. Zan ba shi hannu da hannu. Kafin nan tana kan teburin gefen inji, na danne ta da dutsen da muke danne aiki.

Ban gaya wa Baba ba. Ya dai ji an kawo wasiƙa, ya tambaya, na ce Auta ne ke gaishe mu. Ya miƙo hannu ya latsa ambulan ɗin, ya ce gaisuwar bana ta yi kauri.

Yayarka.

26 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna da Baba, in har gaisuwata tana da sauran shiga.

Jiya wasiƙarki ta zo. Kwana goma sha biyu da suka wuce na ji a rediyo cewa an tsayar da Malam Alli. Na yi ihu a ɗakin cin abinci har mutane suka juyo, abokina mai karatun siyasa kuwa tun ranar yake kauce mini. Ina ta murna ina cewa ko ba komai farantin Yaya zai yi amfani sau ɗaya kafin a rufe shago. Kin ji irin wautar da nake ciki har jiya.

Na yi kuskure, kuma na yi shi da girman kai. Na zauna a nan na yanke abin da kike so ban tambaye ki ba. Na je gidan waya sau huɗu ina neman layin mai kemis ɗin da ke kusa da ku, layin ya ƙi shiga. In ba ki ba Yaya Babba takardar ba, don Allah kar ki ba shi. Na san Juma'ar ta daɗe da wucewa, na kuma san ke in kin ce za ki yi abu kin yi shi. Duk da haka na rubuta, don ban san me zan yi da hannuna ba.

Ki rubuto ko layi ɗaya ne, ko zagi ne.

Auta.

19 ga Afrilu

Yaya Tawada,

Da fatan kowa lafiya. Ni lafiyar jiki ina da ita.

Har yau shiru. Mai raba wasiƙu ya fara girgiza mini kai tun daga nesa don ya rage mini tafiya. Na rubuta wa Yaya Babba ta adireshin shago, shi ma shiru.

Shekaranjiya a laburare na ga jaridar gida da ta yi mako uku a hanya. A shafin farko akwai hoton wani bango shafe da fastoci, Malam Alli tsaye gaban allo, da farin alli a hannun riga. Yaya, hoton kalandar da ta yi shekaru a rataye a ɗakinmu ne. Na ari gilashin ƙara girma wurin mai kula da laburare na duba kusurwar ƙasa, na ga ɗan tauraron nan da Baba ke sa wa kowane aikinmu. Sai da na nemi kujera na zauna.

Amma tun jiya wani tunani ya hana ni sukuni. Wataƙila an sayar, masu sayen suka tarar da farantin a bayan kabad suka buga abinsu. Wataƙila tauraron Baba ne a kan aikin wasu, kuma ni na ba su. Ki gaya mini wanne ne.

Autanku.

5 ga Mayu

Auta,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Inna ta ce in gaya maka ta ga ramarka a cikin rubutunka. Wasiƙunka biyu suna nan. Rabin shirun da na yi fushi ne, ba zan musa ba. Ɗaya rabin kuwa, wallahi tun sha uku ga Maris ban zauna a kujera na minti goma ba sai yau.

Bari in ba ka labari daga farko. Ranar Alhamis ɗin muna shago mu uku, ba aiki, rediyo a kunne kan kantar shago. Zagayen farko Mai Jirage ya zo na ɗaya amma bai kai rabi ba, Tsohon Minista na bin sa, Malam Alli na can baya da ɗari uku da wani abu. Ka gaya wa abokinka dangin matar Malam suna da yawa. Aka sake zagaye na biyu, ba abin da ya motsa. Ashe Tsohon Minista bai manta ba cewa Mai Jirage ya taɓa kiransa tsohuwar taya a gaban 'yan jarida. Bayan azahar sai ya miƙe ya ce ya janye, duk mai ƙaunarsa ya bi Malam. Wajen ƙarfe huɗu aka faɗi sakamako. Dogo ya saki kofin shayi a ƙasa. Ni na kasa motsi. Baba ko gyara zama bai yi ba, ya ce, "Ɗauko faranti na uku."

Ka tuna yadda ake fara bugu. Ba a sa takarda mai kyau sai tawada ta daidaita, don haka ake fara zura wa inji tarkacen takardu, kowace iri, har hoton ya fito sosai. Tun da Baba ya samu sauƙi wannan ne aikinsa, yana zaune yana ɗebo tarkacen daga kan tebur da hannunsa mai lafiya yana miƙa wa Dogo. Haka aka yi ranar. Tawada ta zauna, muka sa takarda mai kyau, duk wadda muke da ita. Kafin rana ta faɗi ni da Dogo da tela maƙwabcinmu da mai kemis mun manne titinmu kaf, mun bi babban titi har ƙofar ofishin jam'iyya.

Da safe sai ga sakataren jam'iyya da kansa a ƙofar shago, riƙe da fosta da ya ɓamɓaro daga bango, yana tambayar waye mai tauraro. Ashe duk garin ba mai fostar Malam ko ɗaya. Manyan maɗaba'u sitonsu cike da fuskar Mai Jirage, shi kuma Malam ko hoton kamfe bai ɗauka ba, don shi ma bai sa rai ba. Sakatare ya tambaya ko za mu iya. Ya kalli injinmu, ya kalle ni. Na ce masa injin ya girme shi, ya yi masa magana da ladabi. Ya yi dariya ya ba mu aikin.

Ya fi ƙarfinmu, don haka na kira ƙananan maɗaba'u huɗu irinmu na raba musu, amma kowace fosta da tauraron Baba take fita. 'Yan jam'iyya sun so a ɗauki sabon hoto da tufafi masu tsada, sai aka ga ɗalibai da direbobi sun fara shafa alli a hannun riga suna yawo da shi. Yanzu har masu sayar da alli sun san ana zaɓe. Bayan mako guda Malam ya zo da kansa, ya durƙusa ya gaishe da Baba, ya kalle ni ya ce ni ce mai zama kusa da taga ina zane a bayan littafi. Ya tambaya ko ƙanena ya iya rabawa yanzu. Na ce ana nan ana fama.

Na san ba wannan kake jira ba. Ranar Juma'ar, bayan tafiyar sakatare, Yaya Babba ya iso. Na je na ɗaga dutse, babu takarda. Muka birkice shago. Yaya Babba ya fara yi mini wani irin kallo, har na ji hawaye na taruwa, don ban taɓa cin amana ba kuma ga shi za a ce na ci. Dogo ne ya tono ta cikin tarin takardun gwaji. Fuskar Malam Alli ce a kanta har sau uku, ɗaya kan ɗaya, sa hannunka kuma ya nutse cikin baƙin allo, ko wutsiyarsa ba a gani. Duk muka juya wajen Baba. Ya ce, "Me kuke kallona? Kun san idona ba ya gani."

Lauya ya ce takardar ta mutu. Amma maganar ba ta mutu ba. Kamfanin ya ba da wa'adi zuwa ƙarshen Yuni, Yaya Babba ya karɓo sabuwa, ya ce in aiko maka tunda ni ce mai rubuta maka. Ga ta nan. Na ga inda ka ce kar in ba shi, amma a firgice ka rubuta wannan, ni kuma ba na son kyautar firgita. Yaya Babba ba mugu ba ne, kuma yana da hujja: zaɓe zai wuce, aiki zai ragu, inji ba zai koma yaro ba. Ni dai ina son shagon nan, na faɗa da baki wannan karon. Ka karanta wasiƙar nan sau uku, amma duka.

Yayarka.

21 ga Mayu

Yaya Tawada,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, yau kam har da ta zuciya. Ki gaya wa Inna na ci abinci faranti biyu, ba irin naku na ƙarfe ba.

Na karanta sau uku, duka, har da kwanan wata. Na kuma bar ta kwana biyu kafin in amsa, don kar ki ce a firgice nake. Na rubuta wa Yaya Babba wasiƙa daban, cikin ladabi, na gaya masa hujjarsa gaskiya ce amma hannuna ba zai hau ba. Maganar tsufan inji kuma, me ake koya mini a nan in ba inji ba? Saura shekara ɗaya in dawo. Ki ce wa tsohon ƙarfen nan ya jira ni.

Ga takardar nan na mayar miki fara fat yadda ta zo. Takarda ce mai kyau, a ba Baba.

Ki aiko mini da fosta ɗaya in manna a ƙofar abokina.

Autanku.

18 ga Agusta

Auta,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, sai dai duk muryoyinmu sun dishe. Na san ka ji a rediyo, amma sai na rubuta da hannuna: Malam Alli ya ci. Hedimastanmu shugaban ƙasa ne, kuma fuskar da ƙasar nan ta zaɓa daga bayan kabad ɗinmu ta fito.

Ranar zaɓe Baba ya ce sai ya je. Dogo da tela suka ɗauke shi da kujerarsa har rumfa. Kafin mu fita ya sa Inna ta shafa masa alli a hannun rigar hagu, ya ce hannun nan shekara shida bai yi aikin komai ba, yau ya yi. Layi ya dare masa, mutane na nuna shi suna cewa ga mai tauraro. Yaya Babba ma da alli a hannun riga na gan shi. Da na yi masa magana ya ce bango ya jingina. Wa'adin kamfani ya wuce bai ce uffan ba, kuma yanzu motarsa ce ke ɗauko mana takarda. Ma'aikatar ilimi ba ta yi mana alkawarin komai ba, Malam ba irin wannan ba ne, amma makarantu shida sun dawo mana da aikin jarrabawarsu.

Ka san me muke zura wa inji yanzu in za mu daidaita tawada? Fastocin Mai Jirage. Manyan maɗaba'u rabar da su suke yi don su samu wuri. A cikin tarkacen muka samu ɗan littafin nan na nasararsa, Dogo kuma ya mayar da shi abin karatun lokacin shayi. A ciki an rubuta yadda wakilai suka miƙe tsaye gaba ɗaya a zagayen farko, yadda Mai Jirage ya share hawaye, yadda Tsohon Minista ya rungume shi. Har kwana ɗari na farkon mulkinsa suna ciki, da jawabin da zai yi da launin motar da zai shiga. Tela ya ce da shi aka tsayar da ya ci, mai kemis ya ce da ya sha ƙasa, kullum sai an raba su. Ni kuwa in Dogo na karantawa tsikar jikina tashi take. Ƙasa ce guda a rubuce tsaf, ba wanda ya taɓa zama a cikinta. A can shagon nan sito ne, ni ina gaban allo, Baba na zaune a gida ba ya jin ƙarar inji, kai kuma kana barci da daɗi kana ganin ka yi mini alheri. Na ajiye kwafi ɗaya in ka dawo ka karanta.

Saura labarin takardarka. Da ta iso a watan Yuni na miƙa wa Baba kamar yadda ka ce, ban gaya masa ko ta mece ce ba. Ya murza ta tsakanin yatsu biyu, ya ninke ya sa a aljihu. Wata biyu tana nan. Shekaranjiya da muka ɗaura farantin fostar godiya, Dogo ya miƙa hannu a ba shi takardar gwaji, sai Baba ya zaro ta ya warware, ya sake murzawa, ya ce, "Irin waccan ce. Takardar lauya santsinta daban."

Na ce, "Baba, ba kai ka ce ba ka gani ba?"

Ya ce, "Shekara arba'in ina taɓa takarda, yarinya. Ba na bukatar gani. Kuma shago nawa ne kafin ya zama naku."

Dogo ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Ni na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na yi duka biyun. Baba ya ce in mun gama a kunna inji, aiki na jira.

Takardar lauya ta farkon na sa ta a gilashi na rataye saman kujerarsa. Ta biyun ita ce wannan da ke cikin ambulan, ita ce fostar da ka roƙa. Layin da aka bar maka ka sa hannu ya faɗo daidai ƙarƙashin hannun rigar Malam, yana nan fari. Ka duba da kyau, Auta. Fallen farko ne, amma tawadar ta zauna daidai.

Yayarka, mai makulli.